Leɓen Kantar Teta Desa

Masu tambayata a ƙarƙashin rubutu wai me ya hana ni ba Dalibor amsa har yau, ku gyara zama ku ji abin da ya faru, sannan ku yanke min hukunci. Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Nevena, shekarata ashirin da tara, zubin kankare nake yi a shagon Babana da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Valjevo, nan ƙasarmu ta Sabiyawa. Baba yana yin turakun shinge da tukwanen fure, ni kuma kantar kicin ce sana'ata. Dalibor a kantin magani yake aiki, hannunsa ya fi nawa laushi nesa ba kusa ba. Wata uku ke nan da ya ce yana son aurena, na ce ya ba ni lokaci zuwa ranar slavar gidansu, ranar da suke bikin waliyyin gidan. Slavar kuwa gobe ce.

Ina sonsa, kada ma wani ya tambaye ni wannan. Abin da nake son sani shi ne ko mutumin yana iya tsayawa a gaban uwarsa ya faɗi magana ɗaya wadda ba za ta yi mata daɗi ba.

Mamata kam tuni ta amsa a madadina. Tun ranar da ya fara zuwa gidanmu da cakulan da kwalbar giyar rakija ta daina kiransa da sunansa, sai "yaron nan namu". Kullum da safe ina sa takalmin aiki tana tsaye a kaina da kofin kofi.

"Ƙanwarki 'ya'yanta biyu."

"Na sani, Mama, ni na yi musu wanka jiya."

"Dubi faratanki. Wace uwa ce za ta ga wannan hannun ta ce a kawo mata?"

Daga tsakar gida Baba zai ce, "Wadda take son kantar kicin." Ita kuma ta ce shi ya lalata ni.

To kantar ce ta jawo komai. A watan jiya mahaifiyar Dalibor, Teta Desa, wato Inna Desa a yarenmu, ta tafi wurin ruwan zafi jinyar gwiwa na mako uku. Sai ya ce zai sake mata kantar kicin kafin ta dawo, ta gani kwatsam, ta kuma ga aikin hannuna. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki tef da fensir na bi shi gidan.

Kicin ɗin ƙarami ne, tsaf, labule mai ɗinkin hannu, kwalaben ajvar, miyar jan tattasai, a jere saman kabad, kowacce da shekararta a rubuce. Kabad ɗin marigayi mahaifinsa ne ya haɗa da hannunsa, don haka ba za a taɓa su ba, saman kawai za a canja. Ina cikin awo na ga wani siririn katako a ƙarƙashin tsohuwar kantar, saman durowa ta farko. Na ja, ya fito sululu, faffaɗa, tsakiyarsa ya ɗan loma don shekarun da aka yi ana murza ƙullu a kai.

"Wannan fa?"

"Katakon kwaɓin Mama ne. Na kakata ne tun asali, Baba ya yi masa gida a nan."

"To ka ji. Idan na sauko da leɓen kantar santimita goma, ya rufe shi ke nan. Huɗu zan iya yi."

Ya ciro waya ya nuna min hoton da ya ajiye, wata kanta mai kauri kamar dandamalin coci. "Huɗu ai ta kowa ce, Nena. Ta gidan Gwaggo Slavka takwas ce, shekara biyu Mama tana maganarta. Goma nake so."

"Mu zare katakon mu ajiye mata."

Muka ja, ya ƙi. Ashe tsohon ya buga masa turaku ta baya don kada ya faɗo wa matarsa a ƙafa, ba ya fita sai an ɓalle kabad ɗin.

"Tambaye ta," na ce. "Ba zan zuba ba sai ta ce."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Na yi magana da ita, ban gaya mata dalili ba. Ta ce ta gaji da shi, nauyi yake mata. Ki rufe." Da 'yan zuciyoyi ja guda biyu a ƙarshe. Ni kuma na yarda, don me zai sa ban yarda ba?

Bari in gaya muku yadda ake yin irin kantar da kuke gani a hoto kuna cewa kai, wannan kauri! Ba kauri ba ne. Da a ce duka santi goma ce, kantar Teta Desa sai ta haura kilo ɗari uku da hamsin, kabad ɗin marigayi kuwa sai su durƙusa. A kife muke zubawa, fuskar tana ƙasa. Na haɗa akwatin zubi da katako mai santsi, bangonsa santi goma, na bi kusurwoyin da gam na shafe da yatsa don bakin ya fito da ɗan lanƙwasa. Na zuba kankare santi uku kacal a faɗin akwatin, na shimfiɗa raga. Sai na jera fararen soso masu tauri a kai, na bar rami mai faɗin yatsa uku a gefen gaba da gefen da ke kallon ƙofa. Wannan ramin na cika har baki, da siririn rodi a ciki. Shi ne leɓe. Idan aka juya kantar, leɓen ya sauko ya rufe, wanda ya shigo sai ya ga goma, mai ɗauka kuwa uku yake ɗauka.

Wahalar tana wurin haɗuwar leɓe da fuska. Idan ka bari ta farko ta fara bushewa kafin ka cika ramin, layi zai fito a baki, kowa ya gane zubi biyu ne. Don haka ba shan kofi, ba ɗaga waya. Baba yana riƙe da soson don kada ya taso, ni ina cusa kwaɓin da hannu, sannan na bi bangon akwatin da guduma ta roba ina bubbugawa har kumfar iska ta daina fitowa.

"Don surukarki kike wannan bugun?" in ji Baba.

"Don sunana nake yi."

"Haka uwarki ta ce ranar da ta fara yi wa uwata miya."

Kwana biyar tana lulluɓe da leda. Da muka juya ta na zare soson, na goge ta da ruwa har ta yi sheƙi, na shafa mata man kariya sau uku. Ban taɓa yin leɓe mai kyan wannan ba, ko rami ɗaya babu, launin toka mai ɗan duhu. Mu huɗu muka hau da ita bene, muka zaunar da ita a kan gam. Kafin mu sauke, na sake kallon katakon nan na ce, "Dalibor, ka tabbata?" Ya ce, "Haba Nena." Muka sauke.

Shekaranjiya Teta Desa ta dawo. Jiya da hantsi ya kira ya ce in zo shan kofi ƙarfe huɗu, Mama tana son gode min.

Mamata ta ji. Shi ke nan gida ya rikice. Ta fito da koriyar rigar da na sa a bikin ƙanwata, mai dogon hannu da ɗamara, ta goge ta sau biyu. Ta jiƙa hannuna a ruwan lemon tsami da man zaitun, ta sa min 'yan kunnen zinarenta ƙanana, ta cusa min kwalin waina da fure guda biyar.

"In ta ba ki slatko na tarbar baƙo, cokali ɗaya. Kada ki yi maganar siminti."

"Mama, maganar siminti aka kira ni."

"Ki yi murmushi dai."

Na tarar da su a kicin. Teta Desa 'yar guntuwa ce, gashinta fari a naɗe, baƙar suwaita da ƙaramin gicciye a wuya. Gwaggo Slavka, ƙanwar marigayin, tana zaune bakin taga da jakarta a cinya, tana kallon kantar kamar an yi ta ne don a ɓata mata rai. Dalibor yana ta washe baki.

Teta ta sumbace ni sau uku, ta ba ni slatko, 'ya'yan ceri dafaffu a sukari, da ruwan sanyi. Ta shafa kantar da tafin hannu.

"Ke kika yi wannan, 'yata? Da hannunki?"

"Ni ce, Teta."

"Slavka, kin gani? Goma ce."

"Na gani," in ji Gwaggo Slavka. "Sanyi ne da ita dai."

Muka sha kofi. Aka yi maganar gwiwa, da kifin da za a saya, da baƙi ashirin da shida da za su zo. Sai Teta ta miƙe ta ce bari ta fito da gari, gobe tun da safe za ta kwaɓa burodin slava. Ta ɗauko kwano, tana magana da Gwaggo, ko kallo ba ta yi ba ta kai hannu ƙarƙashin kantar inda ta saba kai shi shekara arba'in. Yatsunta suka bugi kankare.

Ta tsaya. Ta sake laluba. Ta sunkuya da wannan gwiwar tata ta leƙa ta ƙasa.

"Ina katakona?"

Na juya na kalli Dalibor. Shi kuma cikin kofinsa yake kallo.

"Yana ciki," ta ce a hankali. "Ga shi can ina hango shi. An rufe shi da siminti." Ta miƙe tana dafe da kantar. "A kan katakon nan uwar mijina ta kwaɓa burodin slava, a kansa na kwaɓa tun ina amarya. Ba a taɓa yin slava a gidan nan da burodin da aka kwaɓa a wani wuri ba. Wa ya ce a rufe?"

Ku ji amsar ɗanta, kalma da kalma, don na haddace ta: "Mama, ai masu aikin su suka san awonsu. Wataƙila ba a lura ba ne."

Ba a lura ba. Ni da na ja katakon da hannuna, na tambaya sau biyu.

Gwaggo Slavka ta gyara jakarta, fuskarta ta saki a karon farko. "Shi ya sa nake cewa wani aikin na maza ne. Wanda ya yi tawa sai da ya buɗe kowace durowa."

Wayata tana cikin jaka a gefen ƙafata, saƙon yana ciki da zuciyoyinsa biyu. Kunnuwana suka yi zafi har na ji 'yan kunnen Mama suna ƙona ni. Amma ban ciro ta ba. Na ce a raina, bari in ba shi minti ɗaya, zai ɗago ya ce, Mama, ni ne. Na ƙirga har sittin. Ya tashi ya zuba wa gwaggonsa ruwa.

"Gobe ƙarfe bakwai zan zo in buɗe shi, Teta," na ce. "Za ki kwaɓa a kan katakonki."

Ban bari ya raka ni ba. Kafin in kai gada saƙonni sun fara shigowa.

"Nena ki yi haƙuri."

"Na so in tambaye ta, na san za ta ce a'a, ni kuma ina son ta samu mai kyau."

"Kin san hawan jininta."

"Ke za ta yafe miki da wuri, ni kuwa sai ta yi shekara tana tuna min."

"Nena?"

Na ƙarshen ne ya fi ci min rai: "Bayan slava zan gaya mata, na rantse."

A gida na zauna a kan buhun siminti da koriyar rigata na ba Baba labari. Ya saurara yana goge cebur. Bai zagi kowa ba, Baba ba ya zagi.

"Faɗin katakon nawa?"

"Saba'in."

"Ki yanka saba'in da huɗu, biyu kowane gefe. Ki sa ruwa, kada ki cika wa matar gida da ƙura. Akwai rodi a leɓen, ki tafi da faifan yanka biyu." Ya rataye cebur ɗin. "Sauran kuma ba da inji ake yanka shi ba, wannan naki ne."

Mama kuwa da ta ji, cewa ta yi, "To mene ne? Ya ji tsoron uwarsa, alamar ɗan kirki ce. Ki gyara ki yi shiru. Duk macen da kika gani a gidan miji ta haɗiye abin da ya fi wannan."

Yau ƙarfe bakwai na isa da kayan aikina, wandon aiki da takalmi mai ƙarfe a baki, ba fure ba waina. Dalibor ne ya buɗe ƙofa, idonsa a kumbure. Ya kai hannu zai karɓi akwatin injin, na wuce shi. Teta ta aike shi tsakar gida ya fito da kujeru da tebura daga rumfa.

Na lulluɓe kabad da leda, na manna tef a leɓen, na ja layi. Sai da na ɗan tsaya kafin in kunna injin. Kwana tara na yi a kan leɓen nan. Na yanka tsaye sau biyu, sannan na bi ta kwance a hankali, Teta tana tsaye a gefena tana tsiyaya min ruwa daga butar shayi ba tare da na roƙe ta ba. Da faifan ya kai ga rodi tartsatsi ya tashi, ko gezau ba ta yi ba. Guntun ya faɗo a kan bargon da na shimfiɗa. Yanzu duk wanda ya shigo zai ga gaskiyar kantar: goma a hagu, goma a dama, uku a tsakiya. Na goge wurin, na kashe kaifin, na shafa man kariya.

Ta ja katakon. Ya fito sululu. Ta share shi da tsumma mai ɗumi, ta daɗe tana sharewa.

"Zauna, 'yata." Ta ɗora kofi a wuta. Bayanta na gare ni ta ce, "Ni na haifi Dalibor. Yana shekara bakwai ya fasa gilashin coci ya ce iska ce. Jiya da ya kalli cikin kofi na san wanda ya ce a rufe."

Na ja kujera na zauna.

"Na ga kin kalli jakarki. Na san akwai abin da za ki iya nunawa. Slavka ta ci miki fuska a kan sana'arki, kika haɗiye, ba ki kunyata shi a gaban mutane ba." Ta juyo, idonta ya kawo ruwa, tana murmushi. "Ubansa ma haka yake, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki, amma in abu ya ɓaci sai ya nemi bayan da zai laɓe. Shekara talatin da takwas ni ce bayan. Kullum ina addu'a Allah ya kawo wa yaron nan mace mai iya yin shiru. Jiya na gan ta."

Ta buɗe durowa ta ciro farar rigar girki irin ta ɗaurawa a ƙugu, mai ɗinkin ja a baki, a ninke, tana ƙanshin sabulu. Ta miƙo min da hannu biyu.

"Wanke hannunki ki ɗaura. Bana tare za mu kwaɓa. Ba a ba bare wannan katakon."

Jama'a, na san abin da wannan yake nufi a gidan Sabiyawa. Da Mamata tana wurin da ta fashe da kuka don murna. Ni kuwa ban yi murna ba. Matar nan da zuciya ɗaya take yabona, tana miƙo min aikin da ta yi shekara talatin da takwas tana yi, ta gaji, tana neman wadda za ta karɓa. Na ji tausayinta, na ji tsoro kuma, tsoron ya fi yawa.

Ban karɓa ba. Na goge hannuna a wando.

"Teta, ba don in rufa masa asiri na yi shiru ba. Jira nake in ga ko zai buɗe baki."

Murmushin ya tafi. "Ba zai iya ba, 'yata. Ba mugunta ba ce, haka aka yi shi."

"To ki kira shi. Ya shigo nan ya faɗa da bakinsa, a gabanki, a gabana, ba tare da kowa ya tambaye shi ba. In ya faɗa, zan ɗaura wannan in kwaɓa, gobe kuma in ba shi amsar da yake so. In bai faɗa ba, kanta taki ce, katako naki ne, ni zan ɗauki injina."

Ta daɗe tana kallona. Kofin ya taso ya zube a kan murhu, ba wadda ta motsa a cikinmu. Sannan ta ajiye rigar girkin a kan katakon, ta taka zuwa taga tana ɗingishi, ta buɗe.

"Dalibor! Bar kujerun nan ka hawo. Nevena ta gama, tana jiranka."

Matakalar gidan goma sha huɗu ce, na sani don da kantar a kafaɗa na hau ta. Muka ji ya turo ƙofar ƙasa. Muka ji takunsa, ni da uwarsa muna ƙirgawa ba mu kalli juna ba. Bakwai, takwas, tara.

A ta tara ya tsaya.